Wa Ya Ɗinka Rigar Kakanka?

Jama'a, akwai wata sana'a da ta daɗe tana ratsa garuruwanmu na Karaye da Rogo, amma ba safai a kan zauna a yi maganarta ba. Sana'ar kuwa ita ce sayen kayan da. Za ka ga mutum ya sauka gari ran kasuwa da buhu a kafaɗa, ba hatsi ya zo awo ba, ba kuwa dabba ya ke nema ba. Sai ya bi zaure zaure yana sallama, yana tambaya ko akwai tsohuwar riga, ko tasa, ko akushi, ko munduwar da ta gaji da zama a ƙarƙashin gado. In ya samu ya taya, a sallama masa, ya ɗaure bakin buhunsa ya nufi Kano. Daga kasuwar Kurmi kayan su wuce Ikko ko Abuja, waɗansu har Ingila da Faransa da Amurka, inda masu hali ke tara su, su jera a ɗaki suna nuna wa baƙinsu.

Ni ban ce tara kayan da laifi ne ba. Da tsohuwar zuma a ke magani, kuma wanda ya adana abin da kakanni suka yi ya kyauta. Abin da na ke so mu duba a wannan takarda shi ne yadda a ke tarawar, don na ga akwai wani babban giɓi a cikinta, wanda mu da baƙin duka muka taru muka bari. An adana riga, an bar sunan wanda ya yi ta ya bi ruwa.

Ga yadda aka yi abin ya fara damuna. Shekarun baya aka yi mana rasuwa, aka zo rabon gado. Da ya ke ni ne mai aikin ofis a gidan, rubutu kuwa shi ne abincina, sai aka miƙo mini alƙalami aka ce in riƙa rubuta kayan da a ke fitowa da su. Can aka buɗe wani adudu, aka zaro wata riga saƙi ta kakanmu, mai aikin aska takwas, an yi mata shafi da jan alharini. Da aka warware ta sai ɗakin ya yi tsit. Na rubuta, "Riga saƙi, ɗaya." Sa'an nan na waiwaya wajen goggonmu, wadda ta fi kowa shekaru a gidan, na ce, "Goggo, wa ya yi wannan aiki?" Ta yi shiru, kana ta ce, "Ɗan nan, na ji an ce a Beli aka rina zarenta. Wanda ya zana ta kuwa wani malami ne mai ɗingishi. Mahaifinka ya san sunansa." To, mahaifin nawa shi ne a ke rabon gadonsa. Shekara arba'in muna gida ɗaya da shi, ban taɓa tambayarsa ba.

Na yi shekaru ina cika rajista. Na rubuta sunan mai gona da na maƙwabcinsa, na rubuta sunan mai rumfa a kasuwa, har jariri ɗan kwana bakwai na rubuta sunansa. Amma mutumin da ya duƙa wata da watanni a kan rigan nan, idonsa na ƙaiƙayi, ba shi a takardar kowa.

Kada wani ya ce ai abin bai kai a damu ba, don ƙasarmu ƙasar manoma ce kurum. Wanda ya faɗi haka bai san tarihin gidansu ba. A shekarar 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda a ke kira Abdulkarim a ƙasashen nan, ya iso Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta kuɗinsu wajen wuri miliyan 300 a shekara. Ba a cikin birni kaɗai a ke wannan aiki ba. Wani malamin tarihi, Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi bincike a kan rinin ƙasar Kano ya gama a 1975, ya nuna yadda sana'ar ta bazu cikin garuruwan karkara. Cikin garuruwan da masana ke ambata da yawan marina a ƙarni na 19 akwai Rogo da Zarewa da Beli da Fulatan, su da maƙwabtansu na arewacin Zazzau irin su Makarfi da Kudan da Hunkuyi. Watau dai wani kaso na abin da duniya ta sani da suna tufan Kano, daga hannun kakanninmu ya fito. Sun haƙa rijiyoyin rini, sun shafe su da laso wanda suka haɗa da katsi da dafara da gashi, sun jiƙa baba da toka, sun tsoma sun tsame har hannuwansu suka rine. Tufa ta tafi da sunan Kano, garinsu bai bi ta ba, balle sunansu.

Bari mu lissafa hannuwan da su ke taɓa riga irin ta kakanmu kafin ta hau wuyan mai ita. Manomi ya shuka auduga. Mace ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari, tana lakatar alli don kada zare ya zame. Marini ya rina zaren, gama ita saƙi zarenta a ke rinawa tun ba a saƙa ba. Masaƙi ya zauna ya fid da ita siririya, faɗinta bai wuce 'yan yatsu ba. Maɗinki ya jera ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya har su zama riga. Sa'an nan a kai wa mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko gardi, don shi hannunsa ya saba da alƙalami tun daga zayyanar allo. Ya zana askake da tambari da dagi bisa tufar. Mai allura ya bi zanen, wani lokaci da zaren tsamiya, wanda a ke samu daga saƙar wata tsutsa, a dafa da toka a kaɗa. Daga ƙarshe a kai gidan bugu. Mutum takwas ke nan. Amma in rigar ta shahara, sunan wa a ke kira? Sai ka ji an ce rigar sarki wane, ko rigar attajiri wane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu sai mu zo kan masu tarawa. Iri uku ne, kowanne da inda ya kyauta da inda ya gaza.

Na farko shi ne dillali da mai sayen da ke bayansa. Tambayarsu guda ce, shekarar abin nan nawa? In ya tsufa ya yi kuɗi, in sabo ne ko kallo bai ishe su ba. Wannan ma'auni gurgu ne. A da ma akwai gwani akwai ɗan koyo, kuma tsufa ba ya gyara karkataccen ɗinki. Na ga tsohuwar riga wadda askakenta suka yi dakushi kamar an zana su da muciya, an saye ta da tsada don kurum ta yi baƙi. Na ga kuma hula sabuwa fil, aikin wata mata a cikin kulle, wadda ko sarki ya sa ta ba zai ji kunya ba, dillali ya ture ta da ƙafa. Abin da wannan ma'auni ya haifa kuwa shi ne algus. Wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da 'yan kasuwar kayan gargajiya a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, waɗanda da yawansu Hausawa ne, ya fid da littafi a 1994. A ciki ya bayyana yadda a ke ɗaukar sabon sassaƙa a yi masa dabaru har ya yi kama da tsoho, don abin da mai saye ke so ke nan. Duba wannan asara. Gwani yana raye, ya yi aiki mai kyau, amma ba zai ci kuɗinsa ba sai an ɓoye sunansa an ce wani matacce ne ya yi.

Da masu saye sun san abin dubawa, da ba a cuce su ba, da kuma gwanaye ba su yi kwantai ba. Ga yadda tsofaffi ke duba riga. Da fari a juya ta a dubi cikinta, don a nan maha'inci ke ɓoye ƙulle-ƙullensa. A bi mahaɗin saƙar da yatsa, a ji ko ya kwanta. A dubi askake, biyu dogaye da suka sauko daga wuya bisa aljihu da sauran shidan da ke jere uku uku, a ga ko bakinsu ya yi tsini, ko kuwa ƙarfin mai allura ya ƙare kafin ya kai ƙarshe. A dubi tambarin ƙirji da na baya, a ga ko da'irar ta zagayo daidai ta koma inda ta faro. A ɗaga aikin wajen haske, in rana ta ratso ta inda bai kamata ba, an yi rowar zare. Sa'an nan a sa wani ya sa ta, ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa. Gwanin mai zane ya san riga ba shimfiɗa ba ce, a jikin mutum za a gan ta, saboda haka ya kan aje aikinsa inda naɗi ba zai cinye shi ba. Rigar kakanmu ta ci wannan jarrabawa duka sai abu guda. Tambarinta na baya ya ɗan fi na gaba sakaci, kamar an ba yaro ya ƙarasa. Ko wannan ma labari ne. Yana nuna malamin nan mai ɗingishi yana da almajiri, wanda shi ma sunansa ya tafi.

Na biyu su ne gidajen ajiye kayan tarihi. Waɗannan sun cancanci godiya, gama ba don su ba da gara da asu sun cinye abu mai yawa. An buɗe na Jos a 1952, na Ikko a 1957, a Kano kuma ga Gidan Makama, wanda ya kamata duk mai hali ya kai 'ya'yansa su gani. An yi dokar tsare kayan tarihi a 1953, aka sake ta a 1979 da aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Dokan nan ta hana fita da irin kayan nan waje ba da izini ba, ta kuma lissafa aikin hannun 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918 cikin abin da ta ke karewa. Ya kamata duk mai sayar wa dillali ya san da haka. A 1976 kuma David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kuma daɗe yana nazarin ɗinkin Hausa, ya shirya babban nunin sana'o'in Hausawa a birnin London, mutanen can suka ga abin da hannunmu ya iya. Duk da haka, ka ɗauki littattafan da manyan gidajen tarihi na duniya ke bugawa, ka karanta abin da a ke rubutawa ƙarƙashin hoton rigunanmu. Galibi ba ya wuce a ce riga ce ta Hausa ko ta Nufe, daga Arewacin Nijeriya, ƙarni na 19. A kan faɗi sunan Baturen da ya kawo ta, da shekarar da ya bayar. A shafi na gaba kuwa in kujera ce ta Faransa, za ka ga sunan kafinta da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Ban ce mugunta ce ba. Ba za su rubuta abin da ba a gaya musu ba. Amma wanda ya karɓi riga bai tambayi mai ita wa ya yi ta ba, rabin aiki ya yi.

Na uku, kuma wanda laifinsa ya fi yawa, mu ne. Mu ma ai masu tarawa ne tun fil'azal. Mene ne jeren ɗakin amarya in ba tara kayan ado ba? Kakanninmu mata sun yi jere da ƙorai masu zane da faya-fayai. Da tasoshin Bida suka samu, aka jera su. Daga baya kwanoni masu fenti suka shigo daga Turai da Hankon, aka koma langa da samira da fanteka, har aka zo ana ƙera su a nan ƙasar. Yau kuma tangaran ne a cikin kabad mai gilashi. Ba na zargin mata da son sabon abu, kowane zamani da yayinsa. Abin da na ke zargi shi ne, duk sa'ad da sabon yayi ya zo, sai mu fid da na da kamar abin kunya. Ƙwaryar da aka yi mako ana zana ta da wuƙa da zafin ƙarfe ta koma mazubin dusa. Tasa ta tafi wajen mai sayen tsohon ƙarfe bisa sikeli. Sa'ad da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992, mutanen da ruwa ya tasa suka kwashe abin da za su iya ɗauka, kowa kuwa ya san abin da mai ƙaura ke fara bari. Baƙo bai ƙwace mana kome da ƙarfi ba a wannan ciniki. Mu muka sallama.

Wani zai ce, ai al'adarmu ce, mai sana'a ba ya yabon kansa, sa suna a jikin aiki kuwa alfahari ne. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma mu duba. Wanda duk ya yi karatun allo ya san in marubuci ya gama kwafe littafi da hannu, ya kan rubuta a ƙarshe cewa an gama da hannun wane ɗan wane, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Ba wanda ya taɓa kiran wannan girman kai. Malamai kuma ba su karɓar ilmi sai sun san daga wa aka ɗauko shi, wane daga wane har zuwa tushe. To, don me alƙalami zai sami wannan daraja, allura ta rasa?

Kuma inda aka riƙe suna, an ga amfaninsa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, har yau in an yi maganarsa sai an ambaci Babban Gwani Muhammadu Durugu. Saboda an riƙe sunansa, magina na da wanda za su yi koyi da shi, masana kuma na iya bin sawun hannunsa. Ga kuma Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a wajen 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, ya kuma san wadda ta yi su. A can Bature Michael Cardew ya gan su, ya tambaya, aka gaya masa. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wadda a ke kira Suleja yanzu, ta riƙa buga haruffan sunanta a gindin abin da ta gina. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Ba ita kaɗai ce gwana a ƙasar Gwari ba. Abin da ya raba ta da sauran shi ne ta gamu da mai tarawa wanda ya riƙe sunanta. Irin tarawar Sarkin Abuja ita ce wadda na ke yabo.

Wani kuma zai ce, to, riga mai hannu takwas, sunan wa za a rubuta? Amsa ita ce a rubuta duk wanda aka sani. In ba a san mutum ba a rubuta garinsa, in ba a san gari ba a rubuta wanda ya ba da labari. Guntun suna ya fi babu.

A nan ne maganata ta zo kanku, ku da kuka sauke karatu a ajin yaƙi da jahilci. Kun sha wahala, kun zauna da furfurarku kuna haɗa baƙi da wasali bayan kun dawo daga gona, har Allah ya buɗe muku. Sau da yawa a kan ce amfanin karatun shi ne ka karanta wasiƙarka da kanka, kada a cuce ka a wajen awo. Gaskiya ne. Ga wani amfani kuma wanda ba mai iya yinsa sai ku, domin ɗan jami'a bai san ƙofar ɗakin kakarku ba, in ma ya sani ba za ta buɗe masa adudunta ba. Ka sami littafin rubutu guda. Ka zauna da tsofaffin gidanku tun suna da sauran ƙarfi. Kowane tsohon abu aka fito da shi, riga ko gwado, tasa ko tandu, gafaka ko sirdi, ka rubuta abu biyar: mene ne sunansa, wa ya yi shi, a wane gari, zamanin wane sarki ko wane hakimi, kuma ta yaya ya shigo gidan. Ka kwafi wannan a 'yar takarda ka aje tare da abin. In sabon aiki ka sa aka yi maka, ka rubuta sunan mai yin tun ran da ka biya shi. In kuwa talauci ya matsa har ya zama dole ka sayar, kuma abin ba ya cikin wanda doka ta hana, to, ka ba da shi tare da takardarsa, ka bar kwafi a gida. Ko ina ya tafi a duniya, ya tafi da asalinsa.

Ina kuma roƙon shugabanni. Dokar da aka yi a 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a masarauta ɗaya. Da za a keɓe ɗaki guda, a aje babban littafi, dagatai da masu unguwa su riƙa aiko da sunayen marina da masaƙa da maƙera da dukawan garuruwansu, na da da na yanzu, tare da wuraren da tsofaffin marinai su ke, da an yi abin da jikoki za su gode. Ba aikin kuɗi mai yawa ba ne, aikin kula ne.

Rigar kakanmu ta faɗo a rabon wana. Dillali ya zo sau biyu, bai sallama ba. Na rubuta 'yar takarda na sa a aljihunta, ga abin da ke ciki: an rina zarenta a Beli, wani malami mai ɗingishi ya zana, shi da almajirinsa, Allah ya ji ƙansu. Iyakar abin da na samu ke nan, don na makara. Ku da tsofaffinku ke raye, ku tambaya yau. Allah ya sa mu dace, amin.